Maganganun manya kan bashi da riƙon kuɗi: wacce ake bi idan sun ci karo?

Sabon Mai Shago:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar saye da sayarwa. Duk babban da ka zauna da shi yana da 'yar maganar da yake riƙe da ita, wata karin magana ce da ya gada, wata kuma shi ya haɗa abarsa. Damuwata ita ce maganganun suna karo da juna. Wannan ya ce maka bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka kada ka hana maƙwabci. Wancan ya ce jin kunyar mara kunya asara ce. A ce maka gida biyu maganin gobara, gobe kuma a ce taura biyu ba ta taunuwa.

Ga yadda abin yake: ƙaramin shagon kayan masarufi a cikin unguwa, jarin bai wuce naira 500,000 ba, masu sayen kusan duk maƙwabta ne da dangi, ana kuma ta jan mutum ya shiga adashi. Wace magana kuke riƙe da ita a kan bashi da ajiya, kuma yaya ake aiki da ita? Ba karin maganar kaɗai nake so ba, ina son lissafin da ke ƙarƙashinta.

Tsohon Ɗan Kasuwa, Kano:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sa wa shagon albarka. Ka yi daidai da ka nemi lissafi, domin duk maganar da ba za ka iya mayar da ita adadi ko rana ba, ta hirar majalisa ce, ba za ta riƙe maka shago ba.

Wadda 'yan kasuwa suka fi faɗa wa yaransu ita ce: ba a cin uwar kuɗi, 'ya'yanta ake ci. Kowa ya yarda da ita a baki, amma galibin ƙananan shagunan da suke mutuwa ta nan suke mutuwa, saboda mai shagon bai ma san inda uwar ta ƙare 'ya'yan suka fara ba. Gyaran shi ne ka yanka wa kanka albashi. Ka tsayar da abin da za ka cira kullum don cefane, ko naira 2,000 ne ko 3,000, ya zama bai kai ribar rana ba. Duk abin da aka ɗauka daga kanta zuwa cikin gida, sukari ne, sabulu ne, taliya ce, a rubuta shi a farashin da kake sayar wa baƙo, a cire daga albashin nan. Yaron da aka aiko daga gida ya ɗauki madarar gwangwani ɗaya kullum ba a rubuta ba, a wata ya kwashe gwangwani 30.

Ƙarshen kowane wata ka rufe shago da wuri ka ƙirga. Kayan da ke kanta a farashin sari na ranar, a tara da kuɗin hannu da na asusu, a tara da bashin da kake da tabbacin zai dawo, a cire bashin da dilolin ke binka. Abin da ya rage shi ne jarinka. Kuma a wannan zamanin kada ka auna shi da naira kawai. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100. Wanda jarinsa ya tashi daga 500,000 zuwa 560,000 a irin wannan shekarar yana murna, alhali katan ɗin da kuɗin za su iya cika masa ya ragu. Ka riƙa tambayar kanka: katan nawa, buhu nawa nake iya sarowa yau? Saboda haka ne ma ake sa farashi bisa sarin yau, ba sarin da aka yi wata biyu da suka wuce ba. Wanda ya sayar da tsohon kaya a tsohon farashi don a ce yana da sauƙi, zai je kasuwar Singa ya dawo da ƙasa da abin da ya fitar.

Yanzu bashi. Bashi hanji ne, gaskiya ne, shagon unguwa ba ya tafiya ba tare da shi ba. Ma'aikaci mai jiran albashi, in ka hana shi, zai koma shagon gaba da kuɗinsa duka. Amma ga lissafin da ya kamata ya zauna maka a kai. A ce ribarka naira 10 ce a cikin kowace 100 da ka sayar. Wani ya ɗauki kayan 20,000 ya ƙi biya. Jarinka da ya tafi 18,000 ne, kuma kafin riba ta mayar maka da shi sai ka sayar da kayan 180,000. Mutum ɗaya ke nan.

Don haka ka yi wa bashi iyaka biyu. Ta farko, duk bashin da ke waje kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na jari, wato 50,000 a wurinka. In ya cika, an rufe littafi sai wani ya biya. Ta biyu, kowane mutum da iyakarsa da ranarsa, kuma ba a ɗora sabo a kan tsoho. Ka fara da kaɗan, in ya cika alkawari sau uku ka ƙara masa. Kayan da ribarsu ƙanƙanuwa ce kuma suke saurin tafiya, irin su katin waya, sukari da man gyaɗa, gara kada su shiga bashi sam, domin su ne ke juya maka kuɗi. Shafi guda ga mutum guda, a rubuta a gabansa, a faɗa masa jimilla da baki kafin ya juya. Rigimar "ai ban ɗauki wannan ba" daga rubutun bayan ido take tasowa.

Ga dangi kuwa, maganar da nake ganin ta fi kowacce amfani: abin da ba za ka iya yafewa ba, kada ka ranta wa ɗan'uwa. In ya nemi 50,000 kuma ka san rashinta zai karya ka, ba shi 10,000 kyauta ka faɗa masa iyakar ƙarfinka ke nan. Zai ji zafi na kwana biyu. Rancen da bai dawo ba kuwa yakan raba gidaje har jikoki.

Uwar Adashi, Zariya:

Alhaji ya gama magana a kan shago. Ni adashin zan taɓa, tunda ka ce ana jan ka.

Ƙanena, abu na farko: adashi ba ya haihuwa. Abin da ka zuba shi za ka kwasa. Amfaninsa biyu ne, yana tilasta maka tarawa, kuma wanda ya ɗauka da wuri ya samu rance marar ruwa. Duk wanda ya zo maka da "adashi" mai ƙarin riba, ka zuba dubu 100 ka kwashi dubu 130 a wata, ba adashi ba ne. Haka MMM, manhajar zuba kuɗin nan ta damfara, ta yi alkawarin kashi 30 cikin 100 a wata, ta dakatar da biya a Disambar 2016 da kuɗin jama'a a hannunta, CBEX kuma ta maimaita irinta a 2025. A nan ne kwaɗayi mabuɗin wahala take aiki daidai da harafinta.

Adashin gaskiya ma yana da wuraren da yake karyewa, kuma kusan kullum wuri ɗaya ne: wanda ya kwasa da wuri ya daina zubi. Maganinsa tun ran gini, tun ran zane. Kafin a zuba ko kwabo a zauna a tsayar da waɗannan: mutum nawa, zubi nawa, wace rana, wa zai kwasa bayan wa, me za a yi in wani ya makara, me za a yi in wani ya rasu. Sabon shiga ba ya ɗaukar farko, sai cikin na ƙarshe, har a ga zubinsa zagaye guda. Wanda ya kawo shi shi ne mai tsaya masa, in ya gudu shi zai cike. Mutum ɗaya kada ya riƙe hannu fiye da biyu, domin in ya faɗi da hannu uku a adashin mutum goma, ya ja kowa ƙasa.

Akwai kuma asarar da mutane ba sa gani. A ce ku goma ne, zubi 20,000 a wata, kwasa 200,000. In farashi yana tashi da kashi 30 cikin 100 a shekara, dubu 200 ɗin da na ƙarshe zai karɓa a wata na goma za ta sayi kusan abin da dubu 165 ke saye a watan farko. Bai yi laifin komai ba, layi ne kawai ya cuce shi. Saboda haka adashin da ya wuce wata shida ba na ɗan kasuwa ba ne a yanzu. A rage mutane, ko a mayar da zubin na mako. In an gama zagaye aka sake, a juya layin, na ƙarshe ya zama na farko.

Na masu zagayawa kullum da kati daban ne. A al'ada zubin rana ɗaya a wata na mai karɓa ne: ka zuba 1,000 kwana 30, ka karɓi 29,000. Kana biyan sama da kashi 3 cikin 100 duk wata don a riƙe maka kuɗinka, kuma in ya ɓace babu inda za ka kai kuka. Ga mai tuyar ƙosai da ba ta da asusu, wannan na iya zama da babu gara ba daɗi. Kai mai waya da asusu, ban ga dalili ba. Kuɗin da ke banki mai lasisi hukumar NDIC na ba shi inshora, tun 2024 har naira miliyan 5 ga mai ajiya a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma. In kuɗin ruwa ne damuwarka, ga bankuna marasa ruwa irin Jaiz da TAJ.

Abu ɗaya zan ƙara a kan maganar Alhaji. Zubin adashi kada ya fito daga ciniki kai tsaye, daga albashin nan da ya ce ka yanka wa kanka zai fito. In ba haka ba, za ka riƙa zare jari kana zubawa, ranar kwasa ka ɗauka ka samu kuɗi, ka yi ɗinkin Sallah da uwar kuɗinka.

Malamin Islamiyya:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, abin da ya fi hana mutanenmu rubuta bashi kunya ce, kamar rubutun zargi ne. To ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ta hana a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba, zuwa ajalinsa. In ka fito da takarda wani ya ɓata rai, kana da hujjar da ta fi ta kowa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da takardar za ta ƙunsa: sunan mai bayarwa da mai karɓa, adadin kuɗin da lamba da kuma kalmomi, ranar bayarwa, ranar biya takamaimai, sa hannu ko dangwale, da shaidu biyu. "In Allah ya hore" ba rana ba ce. Ayar ta nuna wanda ake bi shi ke yin shifta, wato shi zai faɗi abin da ke kansa, kuma hikimar a fili take: ba zai dawo ya ce an ƙara masa ba. Kowa ya ɗauki hoton takardar a wayarsa. In ta banki aka tura, a rubuta "rance" a wurin bayani, saboda gardamar "ai kyauta ka ba ni" ta fi gardamar adadi yawa tsakanin dangi.

Su kuma maganganun biyu da ka ce sun ci karo, shari'a ta raba musu wuri. Wanda ke cikin ƙunci da gaske, aya ta 280 ta ce a jinkirta masa zuwa sauƙi, yafewa kuma ta fi. Wanda yake da hali yana ja maka rai, hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim ya kira jinkirinsa zalunci. Na farko shi ne na "bashi hanji", na biyu shi ne mara kunyar da ba a jin kunyarsa. Aikinka shi ne gane wanne ke gabanka, kuma alamar ba ta ɓuya: mai ƙunci yakan zo da kansa kafin rana ta cika, ya kawo ɗan abin da ya samu. Mai taurin bashi sai ya sauya hanya.

Abu biyu da ake yawan kuskurewa. Rance ana biyansa da irinsa, ba a sharɗanta ƙari, ko da darajar naira ta faɗi. In mai biya ya ƙara don kansa ba tare da sharaɗi ba, wannan kyakkyawan biya ne. Wanda ke tsoron faɗuwar kuɗi yana iya ranta buhun masara a biya shi buhun masara. Na biyu, jinginar gona ko gida a kan rancen kuɗi, mai kuɗin ya riƙa nomawa ko karɓar haya har a biya shi, malaman Malikiyya ba su halatta ba, domin rance ne da ya jawo amfani.

Ka kuma sanar da iyalinka inda littafin yake, da wanda kake bi da wanda ke binka. Daga dukiyar mamaci, bayan hidimar jana'iza, bashi ake fara fitarwa, sannan wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sannan gado.

Sabon Mai Shago:

Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. Saura ta gida biyu da taura biyu. Akwai masu cewa in buɗe sana'ar POS a gefen shagon, wasu kuma sun ce in sayi hatsi in ajiye.

Mai Hatsi, Dawanau:

Ɗan'uwa, da jarin 500,000 taura biyu ce ke aiki a kanka. POS tana son tsabar kuɗi a hannu kullum, kuma daga aljihun shagon za ta ci. Za ka wayi gari kanta ta yi fayau, kuɗin suna yawo a na'ura. Ka bari sai shagon ya shekara yana ciyar da kansa.

Gida na biyun da ya dace da kai shi ne abincin gidanka. Mai shagon da hatsinsa ke ɗaki ba ya taɓa jari ranar da ciniki ya mutu. Amma ka raba ajiyar ci da ajiyar riba. Ta riba caca ce ga mai ƙaramin ƙarfi: an saba farashi ya sauka da kaka ya hau da damina, sai ga shi a 2025 masara ta faɗi, waɗanda suka tara da tsada suka sayar da asara. Ta ci kuwa ko farashi ya faɗi tuwonka za ka ci.

Lissafinta mai sauƙi ne. Babban buhu yana ɗaukar kwano 40 ko kusa da haka. Gidan da ke cin kwano ɗaya a rana, buhu zai kai shi kwana 40, shekara kuma buhu tara. Ba sai ka sayi na shekara ba. Ka nufi watannin tsada, daga Yuni zuwa Satumba, buhu uku ke nan. Gero da masara suna shigowa daga Satumba zuwa Oktoba, wake ya biyo baya, dawa sai Nuwamba zuwa Disamba. Kada ka yi rawar jiki da sabon hatsin makonnin farko, yana da arha ne saboda ruwa ne a cikinsa. Zai rage nauyi, ya yi fumfuna, kuma fumfunar masara da gyaɗa tana da dafin da ke lalata hanta, wanda dahuwa ba ta kashe shi.

Gwajin bushewa: ka samu busasshiyar kwalba, ka zuba hatsi zuwa sulusinta, ka ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da ya bushe sarai, ka rufe ka girgiza minti ɗaya, ka ajiye minti 15 ka sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, a sake shanya shi a kan tamfol, ba a ƙasa ba.

In ya bushe, buhun PICS ya fi komai, musamman ga wake. Leda biyu ne masu kauri a ciki da buhu a waje. Ka hura kowace leda ka duba ko tana da huda, ka zuba hatsin, ka matse iskar, ka murɗe bakin leda ta ciki ka ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun. Ƙwarin suna mutuwa ne don iska ta ƙare musu, shi ya sa huda ɗaya ko yawan buɗewa ke ɓata aikin. Wanda za a riƙa ɗiba kullum a ware shi a wani mazubi. A ɗora buhunan a kan katako, a bar tazara da bango, a yi maganin ɓera, domin shi ne babban mai huda ledar. Kada ka yarda a zuba wa wake fiya-fiya. Ragowar irin wannan maganin ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, balle a ce yaranka ne za su ci. Ƙwayar hayaƙi da ake sa wa rumbu ma ba a ajiye ta a ɗakin da mutane ke kwana, tana kisa.

Uwar Adashi, Zariya:

To ga inda adashin zai yi maka rana. In za ka shiga, nemi hannun da kwasarsa za ta faɗo a Nuwamba ko Disamba, kuɗin su tafi kai tsaye ga buhunan nan uku kafin su kwana a gida. Hannun da ya faɗo gab da Sallah ko lokacin biki kowa ke rububinsa, ka bar musu. Ka faɗa wa uwar adashin tun ranar tsara layi, domin in an riga an yi ƙuri'a, musanya sai da yardar mai hannun, kuma a gaban sauran 'yan zubi ake yin ta.